Jawabin Bikin Yaye Masu Sa Kai kan Kare Haƙƙin Mata, Kafanchan

Cin zarafin mace laifi ne a dokar Jihar Kaduna, ko a titi aka yi shi ko a cikin ɗaki.

A 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ta lissafa fyaɗe, da dukan abokin aure, da korar mace daga gidan aurenta da ƙarfi, da musguna wa wadda mijinta ya rasu, da kaciyar mata. Da yake ƙarfinta bai wuce Abuja ba, dole ne kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, shekarar da ta kuma yi dokar kula da yara da kare su. A watan Satumba na 2020 aka gyara dokar hukunta laifuffuka ta jihar: wanda aka kama da laifin yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa, idan ta haura haka, dandaƙa da ɗaurin rai da rai.

Wurin kai kuka ma bai yi nisa ba. Cibiyar Salama tana cikin Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa a nan Kafanchan, ɗaya daga cibiyoyin da jihar ta buɗe, kamar na Kakuri da Tudun Wada da Zariya. Ana duba lafiya, a kwantar da hankali, a ba da shawarar shari'a, duk kyauta.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin gida da cibiyar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara sha cikin awa 72 bayan fyaɗe yake amfani. Waɗannan kwana uku kuwa su ne ake cinyewa a zaure: a kira kawu, a jira mai unguwa, a ce a kashe maganar a gida don rufin asiri. Kafin a watse an yi wa yarinya wanka, an wanke tufafinta, shaida ta bi ruwa. Tsananin hukuncin kansa yakan ƙara wa dangi nauyin baki idan mai laifin nasu ne, abin da ba a cika faɗa a taro irin wannan ba. Sulhu yana da muhallinsa a rikicin gona da na gado, amma ba a sasanta fyaɗe.

Rashin abin hannu ma yana ɗaure mace a gidan da ake dukanta. Shi ya sa rancen jari irin wanda Gidauniyar Fantsuam, da aka kafa a 1996, ta daɗe tana bai wa matan karkara yake cikin wannan aiki.

Aikin waɗanda aka yaye bai kai na alƙali ko na ɗan sanda ba: saurare ne, da riƙe sirri, da rakiya zuwa asibiti a ranar da abin ya faru. Ana roƙon hakimai da dagatai da shugabannin addini na Jama'a, da Kaura, da Zangon Kataf, da Jaba, da Sanga, idan ɗaya daga cikin waɗanda aka yaye ya yi sallama da irin wannan magana, a buɗe masa ƙofa, a kuma bar shi ya wuce da yarinyar asibiti tun kafin a zauna shawara.