Ma'aunin Saɓani Yana Cikin Sahu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku masu saurare a Hamdara da Mirriya da sauran ƙasar Damagaram, Allah Ya karɓi azuminmu.

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya: limaminsu yana sadalu, shi kuwa yana ƙabalu, shin ya bar masallacin? Gardamar tsohuwa ce, tun sa'ad da almajiran Shehu Ibrahim Inyass suka yaɗa ƙabalu a Kano ake yin ta. Alhali duka biyun suna cikin gidan Imamu Malik: hadisin kama hannu yana cikin Muwaɗɗa, ruwayar sakinsa tana cikin Mudawwana.

Ku saurari abin da ya faru a Mina. Sayyidina Usman ɗan Affan, yana halifa, ya cika salla raka'a huɗu. Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya ƙara masa yarda, bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Ya faɗa cewa biyu ya yi a wurin nan bayan Annabi, biyu bayan Abubakar, biyu bayan Umar. Amma da aka tayar da iƙama, sai ya shiga sahu ya cika huɗu. Aka tambaye shi dalili, ya nuna cewa rarrabuwar jama'a ita ce sharrin da ya fi tsoro.

To, da me za mu auna saɓaninsu? In da fahimta ne, sun saɓa har ƙarshe. In da aiki ne, ko taku ɗaya bai raba su ba.

Mu kuwa mun juya lamarin. Mutum zai ce da bakinsa duk Musulmi ɗaya ne, amma maƙwabcinsa ya rasu ya ƙi halartar jana'iza, ya ƙi cin yankansa, ya hana ɗansa auren 'yarsa. Wallahi ƙafarsa ta ƙaryata harshensa. Ban ce tauhidi abin sassauci ba ne. Wannan babi ne daban, na malamai. Ina magana kan rassa, inda magabata suka saɓa suna cin tuwo a akushi ɗaya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai tambaya, kama hannunka, ka bi limaminka tarawihi yau da dare. Sallarka ta inganta, tasa ma ta inganta. Allah ne Mafi sani.