WA YA CE ARAHA BA TA ADO?

Laccar da aka yi wa mata da 'yan kasuwa a kan kwalliyar gida



Maganar da ta tara mu yau ta kwalliya ce. Watakila wani ya ce, ana fama da tsadar hatsi, ina ruwan talaka da kwalliya? To, da ruwansa ƙwarai, domin kuɗin da mace ke kwancewa daga bakin zanenta ta miƙa wa mai kanti saboda man shafawa, shi ne kuɗin cefane, shi ne kuɗin littafin yaro. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Mu kuwa mun zo mu nuna muku cewa a wajen gyaran jiki, na arahar nan da ke cikin gidajenmu ya fi na tsada amfani da lafiya.

Bari mu fara da man bilicin, tun da shi ne ya fi cin kuɗinmu. Abubuwa uku aka fi zubawa a cikinsa. Akwai wani sinadari da ake kira haidirokwinon, akwai zaiba, akwai kuma maganin asibiti mai ƙarfi da ake kira sitiroid, wanda likita kan rubuta don cutar fata na 'yan kwanaki kaɗan. Baƙin da Allah ya sa a fatarmu shi ne garkuwarta daga zafin rana, su kuwa waɗannan mayuka aikinsu su hana jiki yin wannan baƙi. Da fari mace ta ga ta yi haske ta yi murna. Bayan 'yan watanni sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta keta cinya da damtse, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, kumatu su ƙone. In ta ji rauni ba ya saurin warkewa, in haihuwa ta zo da tiyata ɗinki ya yi wuyar kamawa. Zaiba kuwa tana ratsa fata ta lalata ƙoda, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Don haka ne ƙasar Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana kuma ta hana masu haidirokwinon a 2016. Ashe ke nan talaka ya biya sau biyu, ya biya mai kanti, sa'an nan ya biya asibiti.

To, me za mu shafa? Ga man kaɗe nan, wanda matan karkara ke yi da ƙwaran kaɗanya tun kaka da kakanni. Turawa suna saye su kai ƙasashensu, su zuba shi a cakulan da mayukan shafawa, su sa a kwalba mai kyan takarda su maido mana da tsada. Ku nemi tsantsarsa, wanda in an murza a tafin hannu zai narke nan da nan ba tsakuwa. Lokacin shafa shi kuwa shi ne da an fito daga wanka, jiki da sauran danshi, domin mai yana riƙe ruwan da ke cikin fata ne. In hunturu ya shigo, a shafa a leɓe da gwiwa da hannu, dare da safe. Wadda ba ta son ƙanshinsa ta narkar da shi a kan ruwan ɗumi ta haɗa da man kwakwa kaɗan. Mai yawan ƙurajen fuska ta rage sa mai a fuska, ta bar shi ga sauran jiki.

Ku da kuke wuni a tsaye a kasuwa, kaushi da faso su ne abokan gabarku. Da dare a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti 15, a goge da dutsen goge kaushi a hankali, a tsane, a cika diddige da man kaɗe, a sa safa a kwanta. A yi haka mako guda a ga bambanci. Amma kada a yanke kaushi da reza, balle mai ciwon sukari, wanda ɗan rauni a ƙafa kan zame masa gyambo.

Sabulun salo kuma, da toka da mai ake yinsa, yana wanke datti da maiƙo sarai. Sai dai yana da kaifi. A murza shi a hannu ya yi kumfa, kumfar za a sa a fuska, a ɗauraye da wuri, a bi da mai. Ku kula da wanda ake kwaɓawa da wasu magunguna ana cewa na ƙarin haske ne, wannan bilicin ne ya sake riga.

Dilka da halawa, da suka zo mana ta Sudan da Barno, ba dole sai an kai wa mai gyaran amare jaka guda ba. Don goge jiki, a kwaɓa sukari cokali 2 da zuma ko man gyaɗa cokali 1, a murza jiki a hankali, a wanke. Sau ɗaya a mako ya isa, kullum kuwa sai ta ɗaye fata. Halawar cire gashi sukari ce da ruwan lemun tsami da ɗan ruwa, a dafa har ta yi danƙo, a bar ta ta huce kafin ta taɓa jiki. Muna gargaɗinku da shafa ruwan lemun tsami tsura a fuska a fita rana, don yana ƙona fata ya bar tabo.

Lalle namu na ganye, mai ja, ba shi da laifi ga babba. A daka, a tankaɗe, a kwaɓa, a ƙunsa, a ba shi lokacinsa. Wanda ke da hatsari shi ne baƙin nan na dayis mai kamawa cikin 'yan mintoci, domin akwai rinin gashi a cikinsa, kuma yakan sa hannu ya kumbura ya yi bororo, zanen ya zama tabo. Amarya nawa ta shiga ɗakin miji da hannu a ɗaure? Jariri kuwa kada a sa masa lalle ko wane iri, don akwai yaran da jininsu ba ya ɗaukarsa.

Sai maganar kwalli, wadda muke roƙon iyayenmu su saurara da kyau. Kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dalma ce. Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ita ce wannan guba. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, ta shiga jininsa, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya tashi karatu na ba shi wuya, ba wanda ya san dalili. Kada garin gyaran gira a rasa ido. A daina ranbaɗa wa jarirai kwalli, ko da kaka ce ta ce a sa.

Sauran kuwa masu sauƙi ne. Aswaki don haƙora. Kitso kada a ja shi da ƙarfi, shi ke cinye gashin goshi. A sha ruwa, a ci zogale da rama da wake da gwanda, domin abin da ya shiga ciki shi ke fitowa a fata.

Yanzu gare ku 'yan'uwanmu 'yan kasuwa. Mun san riba kuke nema, kuma halal ne. Amma wadda ke sayen man nan a teburinku 'yar unguwarku ce, gobe tana iya zama matar ɗanku. Duk man da ba shi da lambar NAFDAC, ko wanda aka ɗura a roba ba suna ba bayani, ku ƙi karɓarsa daga hannun dillali. Ku kasa man kaɗe da lalle da zuma da sabulun salo mai kyau, kuɗin ya koma hannun matan ƙauye da suka sha wahalar yinsu. Ku kuma magidanta da samari, ku daina yaba fara kuna kushe baƙa, don bakinku ne ke tura su kanti.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa man bilicin, kada ta ji kunya, kada kuma a yi mata dariya. Ta je asibiti ta ga likitan fata, domin mai sitiroid in aka bari gaba ɗaya fata kan tashi da ƙuraje da zafi, sai an bi a hankali. Kowace ta koma gida ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta abin da ta ji.

Allah ya ba mu lafiya da wadatar zuci, ya sa albarka a kasuwarmu.