JAWABI KAN KAFA ZAUREN KARATU GA 'YA'YANMU 'YAN MAKARANTA

 

Jama'a, abin da ya tara mu yau kowa ya san shi. Duk shekara yaranmu na nan Sabo ta Ibadan suna zana jarrabawar WAEC da NECO, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. To nan ne da yawansu ke tuntuɓe, sai yaro ya dawo shago ba da son ransa ba.

Maganin da muke kawowa ba baƙo ba ne. Mu da muka yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya mun san yadda ake zama: ɗaya ya ja baƙi, malam ya fassara, saura su saurara, a tashi a yi tilawa tare. Wannan zama muke so yaranmu su yi wa littattafan boko. Yara biyar ko shida, littafi ɗaya, sau ɗaya a mako. Wannan ya karanta, wancan ya nemo ma'anar kalmomi masu wuya, wani ya kawo tambaya, na ƙarshe ya taƙaita da bakinsa, da Hausa sannan da Turanci. Mako mai zuwa a yi musaya.

Kada a ce littafin labari kaɗai ake yi wa haka. Ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934. Labari ne, amma in an shimfiɗa taswira aka bi ayari daga Kano har ƙetaren Sahara, an yi tarihi an yi labarin ƙasa. Babin gado na Risala kuwa, da rabi da rubu'i da sumuni da sudusi, ai lissafin ɓangare ne tsantsa. Zakkar kuɗi ɗaya cikin 40 ita ce kashi 2.5 cikin 100 da ke littafinsu. Ko unguwar nan tamu da aka kafa a 1916, da fataucin goro da shanu, darasi ce. A gayyato dattijo ya ba su.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Mai zaure ya ba da aron zaurensa. Kowane mai shago ya sayi littafi ɗaya, ya kuma saki yaronsa yammacin Asabar. Iyayenmu mata, don Allah a ɗaga wa 'yan mata talla ran nan, su ma za su yi nasu zama. Ɗalibanmu na jami'a su riƙa leƙawa suna gyara masu.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin. Wassalamu alaikum.