Horon Farfaɗo da Zuciya a Gidajen Kula da Tsofaffi

A gidajen kula da tsofaffi na Ingila da Amurka, ma'aikaci ne kan fara tarar da dattijon da zuciyarsa ta tsaya, shi ya sa ake koya masa farfaɗo da zuciya, wato danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda, domin ƙwaƙwalwa kan soma lalacewa cikin 'yan mintuna idan jini ya yanke mata. Haƙarƙarin tsoho kan karye a ƙarƙashin tafin hannu, abin da ke sa sabon shiga ya janye a tsorace, alhali dakatawar ce ke kisa. Haka kuma tilas ma'aikaci ya san tun da wuri wane dattijo ne likita ya rubuta cewa kada a farfaɗo da shi.