Ɗaurin Notin Tayar Manyan Motoci a Njamena: Awo ko Ƙarfin Damtse?

Wannan takarda na da magana ɗaya ce, wato cewa notin tayar tirelolin da ke ɗauko kaya daga Duwala da Ngaundere, su ƙetare gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, ana ɗaure shi ne da ƙarfin damtse, alhali aiki ne na awo.

Abin da ake nema wajen ɗauri shi ne matsi, domin bol yana ɗan miƙewa idan aka murɗa noti, kuma wannan miƙewar ce ke haɗe ƙafar mota da gindinta. Ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da nuton-mita, wato nauyin da aka danna sau tsawon sifana, hanya ce kawai ta kaiwa ga matsin, kuma hanya ce mai yawan asara: kusan kashi 50 cikin 100 na ƙarfin yana ƙarewa a gugar da ke ƙarƙashin noti, kashi 40 a gugar haƙoran bol, kashi 10 kacal ke zama matsi. Saboda haka tsatsa, ko ƙurar hunturu, ko ɗigon baƙin mai, kowanne na iya sauya sakamako ƙwarai ba tare da hannun bakanike ya ji bambanci ba.

Lissafi zai fayyace lamarin. Bol ɗin taya mai kaurin milimita 22, wanda yawancin manyan motocin Turai ke amfani da shi, ana ɗaure shi a wajen nuton-mita 600, abin da ke ba da matsin kusan tan 14 idan haƙoran a bushe suke. Idan aka shafa mai, adadin guga ya sauka daga 0.20 zuwa 0.15, matsin zai haura tan 18 da murɗa iri ɗaya. Amma yaron gareji mai nauyin kilo 70, idan ya zura bututun ƙarfe na mita 2 a sifana ya hau ƙarshensa, ya riga ya ba da kusan nuton-mita 1,370 tun kafin ya fara tsalle, wato matsin da ya kai tan 32, wanda shi ne daidai iyakar da bol mai lambar ƙarfi 10.9 ke fara miƙewar da ba ta komawa. Bol ɗin da ya kai nan ba ya karyewa a gareji. Sai mota ta yi lodi ta shiga gargada sannan ya tsinke, a ɗora wa hanya laifi.

Sakacin ɗauri ma yana da nasa haɗarin, don noti na kwancewa da jijjiga.

Masu faci da makanikai ba su ne farkon abin zargi ba, tunda sifanar awo tana da tsada, kuma ita kanta tana kaucewa. Ƙa'idar duniya ta ISO 6789 ta yarda da kuskuren kashi 4 zuwa 6 ne kawai, ta kuma nemi a sake daidaita sifanar bayan wata 12 ko ɗauri 5,000. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan hukumar ƙa'idojin kaya ta Chadi, ATNOR, da masu binciken lafiyar motoci, waɗanda bai kamata aikinsu ya tsaya ga duba fitila da buga hatimi ba. Ƙasar da ba ta da teku, wadda tashar Duwala ke nesa da babban birninta da kimanin kilomita 1,800, ba ta da hujjar ɗaukar notin taya a matsayin ƙaramin abu.

Takardar na neman a buɗe wurin daidaita sifanonin awo a Njamena a kan kuɗin da mai gareji zai iya biya, a kuma sa awon noti cikin binciken kowace babbar mota, tare da tilasta wa direbobi sake auna ɗauri bayan kilomita 50 zuwa 100 da sauya taya, kamar yadda kamfanonin ƙera motocin suka tanada.