Tsohuwar Akori-Kura: Wa Ya Kamata Ya Gyara Ta?

Jawabi ga masu motocin ɗaukar kaya na Kusugu, cikin garin Daura



Duk ranar Lahadi da asuba, motocin akori-kura sukan tashi daga Daura zuwa kasuwar Mai'adua. Wasu sun ɗauko buhunan gero da wake, wasu awaki da tumaki, ga kuma mutane a kan kaya. Yawancinsu tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504, irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna. Kamfanin ya fara aiki a 1975, amma ya daina haɗa 504 kusan shekara 20 ke nan. Akwai kuma Toyota Hilux 'yan gwanjo, waɗanda suka ci kilomita 200,000 ko fiye kafin su zo hannun mai su na yanzu.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya cinye ribar mai mota. Shi ya sa idan mota ta soma tari, sai ya tsaya yana tunani. Ya taɓa ta da kansa ne? Ya kira bakaniken unguwa? Ko ya kai ta garejin kamfani a Kano ko Kaduna?

Sabuwar mota tana da garanti, wato alkawarin gyara kyauta idan laifin na ƙira ne. Galibi shekara 3 ne ko kilomita 100,000. A wannan lokaci dole a kai ta kamfani, in ba haka ba alkawarin ya warware. Tsohuwar mota kuwa ta daɗe da wuce nan. Ba abin da ya ɗaure mai ita. Irin matsalar ce za ta nuna hannun da ya dace da ita.

Akwai aikin da mai mota zai yi da kansa, kuma shi ne ya fi yawa. Kowace safiya, kafin ya tayar da inji, ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba. Ya duba ruwan lagireto, da man birki, da iskar taya. Kada ya kuskura ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan yakan yi tsartuwa ya saɓule fatar fuska. Lokacin hunturu ƙura takan toshe matatar iska, sai mota ta rasa ƙarfi, ta kama shan mai. Ya cire ta ya kakkaɓe a hankali. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa. In ta yi baƙi ƙirin, a sayi sabuwa.

Juyen baƙin mai ma ba ya gagarar mai lura. A hanya mai ƙura da kaya masu nauyi, kada a wuce kilomita 5,000 ba a yi juye ba. Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne, ke nan zuwa da dawowa wajen sau 30 ya isa. A sayi mai a cikin galan mai hatimi, a sauya filta tare da shi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi yana da araha, amma ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak kaɗai, ya tokare ta da katako mai kauri. Tsohon man kuwa a tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya.

Birki, da sitiyari, da kuloci, da giya, aikin gwani ne. Ba wurin koyo ba ne. Wanda ya kwance birki ya mayar ba daidai ba, ba zai sani ba sai ranar da ya ɗauko mutum goma da buhu ashirin, saniya ta faɗo masa a hanya. Ga 504 da tsofaffin Hilux masu kafireto, tsohon bakaniken da ya shekara yana kwance su ya fi kowa sanin ciwonsu. Sai dai mai mota ya je da ƙafarsa a sayi kayan gyara, ko a nan gari ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Bayan an gama, ya ce a ba shi tsohon ƙarfen da aka cire.

To yaushe ake zuwa kamfani? Sai idan motar mai kwamfuta ce, irin Hilux na baya-bayan nan. Idan fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, na'ura ce kaɗai ke karanta abin da ya lalace. Bakaniken da ba shi da ita sai ya yi ta canke, yau ya sauya wannan, gobe wancan, kuɗi na tafiya. Haka kuma famfon mai da nozul na injin dizal, suna bukatar injin gwaji. Wasu injinan dizal na Hilux suna da bel na taimin, wanda ake sauyawa a kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon irin injin. Idan ya tsinke a kan tafiya yakan lanƙwasa bawul, sai garambawul. Kuɗin kamfani da zafi, ga man zuwa Kano, ga kwana biyu ba aiki. Don haka a nemi su rubuta kuɗin aikin a takarda kafin su taɓa motar. Mai ita yana da ikon biyan kuɗin dubawa kawai, ya dawo da sakamakon wurin bakanikensa.

Abu na ƙarshe shi ne ɗan littafi na rubutu a aljihun mota. Duk ran da aka yi juye ko aka sauya wani abu, a rubuta kwanan wata, da lambar kilomita da ke jikin agogon mota, da kuɗin da aka biya. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Idan agogon ya mutu, kamar yadda yake a yawancin 504, sai a riƙa ƙirga ranakun kasuwa.