JIRI DA KASALA: A AUNA JINI KAFIN A SHA MAGANI

Wannan shi ne jawabin da wani malamin asibiti ya yi wa fataken shanu da direbobin manyan motoci a Potiskum, cikin Jihar Yobe, ran wata Laraba bayan an tashi daga kara. An buga shi domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, waɗanda da yawansu wannan hanya ce ta kai su Kurmi.

Kowa ya san Potiskum da abu biyu, wato shanu da manyan motoci. Kowace Laraba akan yi lodin shanu a nufi Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, direba yana gaba, masu kula da dabbobi suna bisa katakon mota cikin rana da iska. Cikin koke-koken da waɗannan bayin Allah sukan kai asibiti akwai jiri da kasala. Mutum ya miƙe tsaye, sai idonsa ya yi duhu, ƙasa ta juya masa. Wanda ke tsakar gidansa sai ya dafa bango, amma wanda ke bisa mota ko yake riƙe da sitiyari ba shi da bangon dafawa.

Sau da yawa abin da ke kawo haka shi ne saukar jini, watau raguwar ƙarfin da zuciya ke tura jini da shi cikin jijiyoyi. Awon mai lafiya yakan kasance wajen 120 bisa 80. Idan ya sauka ƙasa da 90 bisa 60, likitoci sukan ce jini ya sauka. Akwai mutanen da haka Allah ya halicce su, kuma ba ya damunsu da kome. Amma ga wasu, da zarar sun tashi daga zaune sai jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci, sai jiri ya biyo baya, wani lokaci har da suma.

Babban dalili a ƙasa irin ta Yobe shi ne ƙarancin ruwa a jiki. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, zufa tana zuba, matafiyi kuma yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsai da shi. Gudawa da amai suna ƙara tsananta abin. Sauran dalilai sun haɗa da zubar jini, da juna biyu, da ciwon zuciya, da ciwon sukari, da shan maganin hawan jini fiye da kima, da ƙwayoyin ƙarfin maza.

A nan ne jama'a suke yin kuskure mai tsada. Ciwo uku ake haɗawa wuri ɗaya, alhali kowane da maganinsa. Saukar jini dabam, ƙarancin jini dabam, hawan jini dabam, kuma kowannensu yana iya zuwa da jiri. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Ashe wanda ya ji jiri ya dinga zuba gishiri a abinci, yana zaton jininsa ya sauka, yana iya zama mai hawan jini ne yake ƙara wa wuta itace. Haka kuma wanda ya ari ƙwayar hawan jini a wurin aboki yana iya kā da kansa ƙasa. Awo kaɗai ke raba gardama, kuma ba ya cin minti biyar a asibiti ko a ɗakin shan magani.

Wanda aka tabbatar masa da saukar jini yana iya ci gaba da sana'arsa idan ya kiyaye. Ya sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama shi ba. In zai tashi daga barci ya zauna a bakin shimfiɗa tukuna, sa'an nan ya miƙe a hankali. Ya guji doguwar tsayuwa a rana, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan maimakon cika ciki sau ɗaya. Idan gudawa ta kama shi, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa. A watan azumi kuwa, shari'a ta yi wa matafiyi da mara lafiya rangwame su sha su rama.

Direban da ya ji jiri ya faka a gefen hanya nan take, ya kwanta, ya ɗaga ƙafafunsa sama. Wanda ya suma, ko yake jin ciwon ƙirji, ko numfashinsa yake sarƙewa, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, domin baƙin bayan gida alama ce ta zubar jini a ciki.

Ya kamata iyayen gida da shugabannin tasha su hana mai jiri hawa bisan mota, ko da lodi zai kwana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya, amin.